Man ɗumama gidanmu ya kusa ƙarewa, ina neman shawara a kan LIHEAP

Maman Fadila, Harrisburg:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Muna haya a wani tsohon gida a Harrisburg, jihar Pennsylvania ta Amurka, wanda ake ɗumama shi da mai, kuma tankin da ke ɗakin ƙasa, mai cin galan 275, allurarsa ta sauko ƙasa da kwata. Kamfanin da ke kawo mana ya ce motarsa ba ta fitowa sai an sayi galan 100 aƙalla, kuɗi a hannu, mu kuwa ba mu da su a wannan watan. Tagogin gidan na katako ne, iska tana shigowa ta gefensu har labule yana motsi da dare.

Abin da ya kawo mu nan shi ne zuwan ƙanin mijina daga Maraɗi. An ce zai ɗan zauna kafin ya sami wurinsa, ga shi har yau muna tare. Surukata da kanta ta kira ni ta ba ni amanarsa, ni kuma ban taɓa yi mata musu ba tun da aka kawo ni gidan. Yana aikin dare a wata ma'ajiyar kaya, yana wuni yana barci, saboda haka ba a rage ɗumin gidan da rana kamar yadda muke yi a da idan yara sun tafi makaranta. Albashinsa kuwa gida yake turawa, gini yake yi, kuma ba ni da bakin da zan tambaye shi ko sisi. Wata maƙwabciya ta ce in nemi LIHEAP, wato tallafin gwamnati na kuɗin ɗumama gida ga masu ƙaramin ƙarfi, ta kuma ce akwai shirin da ke gyara gida kyauta don sanyi ya daina shiga. Baban yara ya ƙi, yana tsoron kada ya shafi takardunmu. Ina zan nufa?

Alhaji Baban Yasir, Columbus:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki kwantar da hankalinki, wannan abu na san shi ciki da waje. LIHEAP ba sadaka ba ce, shiri ne na gwamnatin tarayya tun 1981, ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a ce take raba wa jihohi kuɗin, kusan dala biliyan 4 a shekara, kuma daga harajin da mijinki yake biya suke fitowa. Na gyaran gida kuwa ya girme shi, tun 1976 yake, a ƙarƙashin ma'aikatar makamashi. Gobe ki je ki cike takarda, ki kuma ce a sa ku a PIPP, shirin da za ku riƙa biyan kashi 5 cikin ɗari na abin da kuke samu a matsayin kuɗin ɗumama gida. Ba wanda ya isa ya yanke muku ɗumi a cikin hunturu, doka ta hana. Maganar ƙanin miji kuma, baƙo ne, ba sai kin ambace shi ba.

Malama Maman Ihsan, Harrisburg:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, amma PIPP na jihar Ohio ne, babu shi a nan. Hanin yanke wuta da gas da muke da shi, daga 1 ga Disamba zuwa 31 ga Maris, ya shafi kamfanonin wuta da gas ne ga masu ƙaramin ƙarfi, bai tilasta wa mai motar mai ya kawo bashi ba. 'Yar'uwa, a Pennsylvania ana nema ta shafin intanet na jihar mai suna COMPASS ko ta ofishin tallafi na gunduma. Akwai tallafin shekara, daga dala 200 zuwa 1,000, wanda ake biya kai tsaye ga kamfanin man, akwai kuma na gaggawa ga wanda mansa ya ƙare ko ya kusa ƙarewa, kuma shi ne ya dace da ku yanzu. Sai dai ana duba kuɗin shigar duk wanda ke cin ɗumin gidan, iyakar kuwa kashi 150 cikin ɗari na ma'aunin talauci ce. Ba ki gaya mana ku nawa ne ba, ba ki kuma faɗi abin da ke shigowa ba. Ɓoye albashin mutumin da ke kwana a gidan kuskure ne babba, domin hannu za ki sa a kan cewa gaskiya kika faɗa.

Hajiya Maman Bashir, Bronx:
Ni dai roƙona ɗaya ne, 'yata, kada ki kunna hita ki kwanta, kada kuma ki shigo da kaskon gawayi ko ki buɗe murhun gas don ɗumi, domin iskar da ke fita ba ta da wari kuma tana kisa a cikin barci. Mu nan ba mu manta da gobarar Janairun 2022 ba, wadda ta tashi daga hita ta ci rai 17, yawancinsu 'yan'uwanmu Musulmi 'yan Gambiya. A New York doka ta ɗora wa mai gidan haya ba da ɗumi daga 1 ga Oktoba zuwa 31 ga Mayu, amma namu sai an yi ta kai ƙara yake kunnawa, ya bar mu da jikoki cikin barguna, sannan ƙarshen wata shi ne na farko a bakin ƙofa.

Maman Fadila, Harrisburg:
Na gode muku duka. Malama, ba ƙin faɗa nake yi ba, ni kaina ban san nawa yaron yake samu ba, kuma idan na nemi takardar albashinsa, kafin gari ya waye labari ya isa Maraɗi cewa ina ƙirga masa loma. Hita kuwa a ɗakin yara kawai nake kunna ta, ina kuma tashi in duba, Hajiya. Ba ganganci nake yi ba.

Alhaji Baban Yasir, Columbus:
To, ko ba PIPP, kowace jiha tana da nata makamancin, magana ɗaya ce. Abin da nake so ku gane shi ne kuɗin nan ba ya jiran kowa. A watan Afrilun 2025 an sallami ma'aikatan da ke kula da shirin a Washington gaba ɗaya, fadar shugaban ƙasa ta nemi a soke shi a kasafi, sannan rufe gwamnati na kwana 43 ya sa jiharku ta ɗage buɗe shi daga Nuwamba zuwa farkon Disamba. Wanda ya tsaya shawara da dangin miji zai tarar an rufe. Maganar takardu kuma tsoro ne kawai irin na mutanenmu, ƙa'idar shige da fice ta 2022 ba ta lissafa tallafin makamashi cikin abin da ke hana mutum katin zama ba. Ni na raka mutane da yawa, ba wanda ya ko gode mini, wasu ma ko gaisuwar Salla ba sa yi.

Baban Sadiƙ, Philadelphia:
Alhaji, ƙa'idar 2022 haka ta ce, amma irin waɗannan ƙa'idoji suna canzawa da canjin gwamnati, kuma ba mu san matsayin kowa a gidan nan ba. Ƙanwata, ki tambayi lauyan shige da fice kafin ki sa hannu, kada ki dogara da mu. Game da gyaran gida, aikin gini nake yi, na ga yadda ake yinsa. Suna ɗaura wata babbar fanka a ƙofar shiga su zuƙe iskar gidan don su gano kafofin da sanyi ke bi, sannan su toshe su, su shimfiɗa abin riƙe ɗumi a saman rufi, su duba lafiyar injin ɗumamar. Iyakar kuɗin shigarsa ta fi ta LIHEAP faɗi, kashi 200 cikin ɗari. Amma ɗan haya sai da sa hannun mai gidan, ga layi mai tsawo, saboda haka ba zai fitar da ku wannan hunturun ba. Kafin nan ki sayi ledar da ake mannawa a taga, ki tura tsohon bargo a ƙasan ƙofa, ki kira 211, lambar neman bayanin taimako, ki tambayi ƙungiyoyin agajin da ke taimakawa da mai. Kada ki bar tankin ya ƙafe, domin idan iska ta shiga bututun sai an biya ma'aikaci kafin injin ya sake tashi.

Maman Fadila, Harrisburg:
Mai gidan ba zai sa hannu ba, na sani, kuma ba na so in tsokano ƙarin kuɗin haya. Lauya ma kuɗi ne. Leda kuwa na manna tun bara, ba ta hana komai ba. Malama, idan na cike takardar da sunana ni da yara kawai, ba tare da sanin Baban yara ba, za su aiko da wasiƙa gida ne, ko ana iya cewa su kira ni a waya?

Alhaji Baban Yasir, Columbus:
Ki ba mijinki lambata, ni zan yi masa magana.