Jaririna yana karkatar da kai gefe ɗaya, ga kuma ƙulluto a wuyansa

Sabuwar Uwa: Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka min. Jaririna bai kai arba'in ba, amma na lura kullum kansa a karkace yake wajen kafaɗar dama, haɓarsa na kallon hagu. Jiya wajen wanka na taɓo wani ƙulluto mai tauri a gefen wuyansa na dama, kamar ƙwallon dabino. Ba ya kuka in na taɓa, ba zazzaɓi. Kakarsa ta ce a bari ta gasa masa ta murza, ni kuwa hankalina bai kwanta ba.

Mai Gashin Ƙashi: Wa alaikumussalam. 'Yar'uwa, juya fuskarki hagu, ki dafa gefen wuyanki na dama. Tsokar nan da ta taso ta miƙe, ita likitoci ke kira SCM. Kowa na da biyu, dama da hagu. Ƙafa biyu gare ta a ƙasa, ɗaya a saman ƙashin ƙirji, ɗaya a ƙashin da ya tafi kafaɗa, ta haura ta kama ƙashin bayan kunne. Jijiya ta 11 cikin 12 da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ce ke motsa ta. In ta dama ta ja, kai ya sunkuyo dama, fuska ta juya hagu. To kin ga yadda ɗanki yake riƙe kansa. Wasu jarirai tsokar kan ƙulle ta gajarce, ƙullin ya fito makonni kaɗan bayan haihuwa. Yawancinsu suna warkewa da miƙa wuya a hankali in an fara da wuri, amma sai likita ya duba, an koya miki da hannu.

Anti Nas: Ki lallaɓa Mama ta bar murzan nan. Manyan hanyoyin jinin kai a ƙarƙashin tsokar suke kwance. Kuma ƙullin wuya kan zama kaluluwa, shi ya sa gani ya zama dole. In zazzaɓi ya zo, ko maɗiga ta kumbura, ko ya ƙi nono, kada ki jira gari ya waye.

Maman 'Yan Biyu: Hassanata ta yi wannan. An ce in riƙa tsayawa ta gefen da ba ta son kallo ina yi mata wasa, in kuma kifa ta a cinyata tana farke. Kafin ta fara zama wuyan ya miƙe.

Sabuwar Uwa: Allah ya saka da alheri. Gobe da sassafe za mu asibiti, da Mama za mu tafi ta ji da kunnenta.