Wace kalma za mu ba "dating" na samarin Amurka a shekarun 1950?

1/ Jama'a, ina fassara wani darasi kan rayuwar matasan Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai kalmomi biyu suka ƙi wucewa: dating da going steady. Yawancin masu fassara "zance" suke sa wa ta farkon su yi gaba. Ni ban gamsu ba, kuma ga hujjata.

2/ Zance a gidan yarinya ake yin sa. Saurayi ya zo, ya aiki yaro wai ana sallama da wance, ta fito zaure da tabarma da ruwan sha, ƙannenta na shiga suna fita, kowa a gidan ya san da wa take. Amurkawa ma sun yi irin wannan har farkon ƙarni na 20, suna kiran sa calling. Yarinya ko uwarta ce ke ba saurayi izinin zuwa, a zaunar da shi a falo, uwa tana kusa tana jin motsinsu. Wannan kam zance ne, ba wanda zai ja.

3/ Dating kuwa ita ce ta zo ta kori waccan al'adar. Ta samo asali a manyan birane irin New York da Chicago, wurin 'yan mata ma'aikata da ke cunkushe a ɗakunan haya, ba su da falon da za su karɓi baƙo. Sai a haɗu a gidan rawa ko silima. Da mota ta yawaita a shekarun 1920, 'ya'yan masu hali ma suka ɗauka. Abin da ya sauya a nan babba ne: da, yarinya ce mai masauki, ita ke gayyata. Da aka bar gida, namiji ya zama mai gayya domin shi ke biya. Mu ma muna da toshi da kuɗin zance, amma kyauta ce, ko ba ita ana iya zama a yi hira. A can kuɗin su ne fitar kanta: tikitin silima, man mota, lemo da askirim. Idan muka ce "zance" mun shafe wannan sauyin gaba ɗaya, alhali shi ne darasin.

4/ Kada a ɗauka babu ƙa'ida. Akwai, har da yawa. Saurayi ne zai buga waya gidansu kwanaki kafin ranar, abin kunya ne yarinya ta kira shi. Ran Juma'a ko Asabar da yamma zai zo da motar babansa, kuma ba zai tsaya a titi yana danna hon ba. Dole ya fito, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shiga ya gaida iyayenta, uban ya faɗa masa ƙarfe nawa zai dawo da ita. Shi zai buɗe mata ƙofar mota, shi zai rako ta har bakin ƙofa. Ita kuma ana koya mata kada ta zaɓi abinci mafi tsada, kada ta nuna ta fi shi sani. Mujallar Seventeen, wadda ta fara fitowa a 1944, cike take da irin waɗannan shawarwarin, kamfanin Coronet kuma yana shirya gajerun finafinai da ake nuna wa ɗalibai a aji don koya musu ladabin fita. Silimar da ake kallo daga cikin mota, wadda aka fara a New Jersey a 1933, ta kai kusan 4,000 a ƙasar a ƙarshen shekarun 1950.

5/ Na gwada wasu kalmomin. "Soyayya" ba ta yi ba. Masanin zamantakewa Willard Waller ya rubuta a 1937 cewa a jami'ar da ya nazarta a Pennsylvania abin gasar farin jini ne, yarinyar da samari daban-daban ke fita da ita ita ce tauraruwa, ko ba ta son ko ɗaya. "Neman aure" ta yi nauyi ga ɗan shekara 15. "Tsarince" ta nufi wani abu dabam. "Yawo" kuma tana ɗauke da zargi, alhali iyayen yarinyar ne da kansu ke sallamar ta.

6/ Shawarata: dating a matsayin al'ada mu ce "fitar samartaka". Guda ɗaya kuma mu ce "fita" kawai: suna da fita ran Asabar, ya nemi ta ba shi fita. "Fita" ta riƙe barin gida, "samartaka" ta riƙe shekarun da kuma cewa ba a kai ga maganar manya ba.

7/ Going steady ta fi sauƙi, don bakinmu ya riga ya saba da "tsayayye". Bayan yaƙi gasar tara samari ta ja baya, yara suka koma tsayar da mutum ɗaya tun a sakandare. Aure ma ya matso kusa: a 1956 rabin matan Amurka kafin su wuce shekara 20 da 'yan watanni sun yi auren fari, maza kuma wajen 22 da rabi. Alamar tsayawa a bayyane take. Ya ba ta zoben ajinsu ta rataya a sarƙar wuya, ko ta naɗa masa zare don ya zauna a yatsarta, ko ta riƙa sa rigarsa ta 'yan wasan makaranta mai babban harafi a ƙirji. Daga ranar ba ta fita da wani, shi ma haka. Sai mu ce "sun tsayar da juna", shi tsayayyenta ne.

8/ Wata yayarmu ta rubuto cewa ai wannan baiko ne. Yaya, na so in bi ki, amma baiko da hannun iyaye ake yin sa, da goro da shaidu, warware shi kuma magana ce ta dangi. Wannan yara ne suka ƙulla abinsu a makaranta, bayan 'yan watanni a mayar da zobe, kowa ya tsayar da wani. Iyaye da yawa ma ba sa so, wasu makarantun Katolika har hana shi suka yi, don suna ganin yawan keɓewa da mutum ɗaya ya fi fita da mutane da yawa haɗari.

9/ Wani malaminmu kuma ya ce yana tsoron ba abin sunan Hausa mai daɗi zai ƙawata shi a idon yaranmu. Allah ya gafarta Malam, na ji wannan sosai. Amma yaron da ya karanta "zance" zai zaci abin da ya sani ne, ba zai ga abin da ke ƙarƙashi ba. Duk ladabin nan na buɗe ƙofar mota, nauyin tsare iyaka a kan yarinya kaɗai aka ɗora shi. Idan ciki ya shiga, ita ake cirewa daga makaranta, a ce wa maƙwabta ta tafi wurin goggonta, a kai ta gidajen ɓoye masu ciki irin na ƙungiyar Florence Crittenton, da yawansu a matsa musu su ba da jaririn ga wasu. Saurayin kuwa sau da yawa ya ci gaba da karatunsa. Baƙar fata da farar fata ma fita tare na iya jawo musu bala'i a jihohin kudu, inda doka ta hana aurensu har zuwa 1967. Kalmar da ta nuna cewa an fita daga gaban iyaye ita ce za ta ba mai karatu damar fahimtar yadda aka kai ga waɗannan.

10/ Don haka a fassarar zan sa "zance" inda aka ce calling, "fitar samartaka" inda aka ce dating, "tsayar da juna" inda aka ce going steady. Wadda ta rage mini ita ce prom, rawar ƙarshen shekara ta 'yan ajin ƙarshe, inda saurayi ke kawo wa yarinya fure ta ɗaura a hannu ko ta maƙala a riga. Na rubuta "rawar bankwana" da fensir, ina jiran mai wadda ta fi ta.