Jelkot ko fentin PU? Fiffiken jirginmu ya tsattsage

Mai LS4: Assalamu alaikum. Ni da abokina mun haɗa kuɗi mun sayi tsohuwar LS4, jirgin sama mara inji, a nan Jamus. Jelkot ɗin fiffike, wato farin shafen da ke lulluɓe jikin faiba, ya tsattsage kamar faso, har farce yana kamawa. Wani gareji a ƙasar Folan ya nemi Yuro 18,000 don sake shafen. Fari za mu bari. Mu mayar da jelkot ko mu koma PU, wato fentin polyurethane?

Ɗan Kasko: Wa alaikumus salam. Kada dai ka canza kala. Jikin faiba ne, kala mai duhu tana jan zafin rana, ta raunana shi.

Mai LS4: Ai na ce fari, Malam.

Tsohon Matuƙi: Ɗana, ba a fenti matsalar take ba, a gugar take. Na ba mai fentin mota jirgina ASW 19 don ya fi araha. Bai cire tsohon jelkot ba, ya ɗan shafa samfefa, ya cike da fila, ya fesa. Ranar da na karɓa ina ganin fuskata a fiffiken. Hunturu biyu, tsagar ta dawo a gurbinta, layi bisa layi. Elaron kuma, wato ɓangaren fiffike mai motsi da ake karkata jirgi da shi, ya yi nauyi, insifeto ya auna ya ƙi sa hannu, ya ce zai iya kaɗawa a sama. Damina guda ina zaune a ƙasa ina kallon mutane suna tashi. Sau biyu na biya.

Hajiyar Ingila: Allah ya mayar da alheri, Baba. Amma 18,000 ta yi kaɗan, mu 27,000 aka ce mana.

Ɗan Kasko: Ni da 6,000 na gama.

Hajiyar Ingila: Kai da ka goge da hannunka wata biyar? Kuma naka bai shekara ba, ka bari ya ga sanyi tukuna ka ba da shawara.

Na Baya: Ku kawo shi Kofar Ruwa, kafin la'asar an gama, har da rubutun "Allah ya kiyaye" a wutsiya 😂

Tsohon Matuƙi: PU ba abin wasa ba ne, gubarsa tana kama huhu. Sai da abin rufe fuska mai kawo iska daga waje.

Hajiyar Ingila: Mai LS4, abokin naka ya amince da rabin kuɗin a rubuce? Namu da aka zo biya ya daina ɗaukar waya, amma duk Asabar shi ne farkon zuwa fili.

Mai LS4: Wallahi ko kuɗin tayar tirela bai ba ni ba tukuna.