Na take karen maƙwabcina da aboboya, an aiko min rasit na sidi 2,400

Baban Hafiz, Sawaba:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar wanda irin wannan ta taɓa samu, kuma ina so in yanke kafin Juma'a.

Aboboyata, wato babur ɗina mai taya uku na ɗaukar kaya, a lungun da ke tsakanin gidanmu da na maƙwabcina take kwana, shekara huɗu ke nan, da izininsa, don rabin lungun filinsa ne. Ba na tayar da ita a ciki saboda masu barci, turo ta nake yi da baya har bakin titi. Ranar Talata bayan Asuba na cire dutsen da nake tare taya, lungun kuma gangare ne, sai na ji ta hau wani abu, sai ihu. Ashe ruwan da aka yi da daddare ya sa karensa ya shige ƙarƙashi. Ƙafar baya ta karye a cinya.

Wofa muke ce wa maƙwabcin, mutumin Asante ne, tsohon malamin makaranta. Sunan karen Suro Nipa. Da daddare kawai yake sakinsa, kuma gaskiya tunda nake ajiye abin hawana a nan ba a taɓa cire min batir ba. Jiya 'yarsa ta kawo ambulan, ciki rasit ne na likitan dabbobi: hoton ƙashi, allurar barci, ƙarfen da aka sa, magani, duka sidi 2,400. Ba wasiƙa, ba saƙon baki. Ban gane ko "biya" yake nufi ko "ga shi ka gani" ba. Sidi 900 ne a hannuna. In biya duka a hankali, in kai rabi, ko in jira ya yi magana?

Ɗan Alabar:
Wa alaikumus salam. Kare? Kada ka ba da ko kwabo. Duk wanda ya saki karensa a titi shi ya jawo.

Baban Hafiz, Sawaba:
Yaya, ba titi ba ne. Na ce filinsa ne.

Pragya Ba Birki:
Ku tsaya tukuna. Suro Nipa fa da Twi "ji tsoron mutum" ne. Shekara nawa ana kiran kare da wannan suna bai ɗauki wa'azi ba sai ranar Talata. Baban Hafiz, tambayi Wofa ko katin inshorar lafiyar karen ne ya ƙare.

Hajiya Mai Waakye, Madina:
Ɗana, ka gode wa Allah naka maƙwabcin rasit ya aiko. Bari ka ji nawa.

A 2019, saura kwana tara Babbar Sallah, ina da raguna uku a bayan gida. Tun suna ƙanana nake kiwonsu da dusa da ɓawon rogo da ragowar wake. Biyu na sayarwa, ɗaya na layyar maigidana, Allah ya jiƙansa. Maƙwabcinmu wani Alhaji ne, ɗan'uwanmu Musulmi, sahu ɗaya suke tsayawa da maigidan. Ya gina sabon gida ya kawo karnuka biyu irin na Turawa. Wajen ƙarfe uku na dare na ji raguna suna dukan langa-langa. Kafin in samo tocila ɗana Auwal ya riga ni fita da taɓarya. Babban ragon, farin nan mai baƙin kunne, mun same shi a kwance maƙogwaro a buɗe, ko wuƙa ba mu samu sa masa ba. Na biyu an yage masa cinya. Auwal kuma an cije shi a dantse, haƙora huɗu, har yau tabon na nan.

Da gari ya waye maigidana ya sa babbar riga ya je da kansa. Alhaji ya ce nasa karnukan a ɗaure suka kwana. Alhali ga jini a bakin ƙofarsa, ga gashin rago a jikin wayar katanga. Na ce to, a nuna mana katin rigakafin karnukan ko hankalinmu ya kwanta a kan yaro. Sai matarsa ta leƙo ta ce ai karnukansu sun fi wasu mutane ganin likita. Matar da muke adashi ɗaya da ita shekara shida!

Ni na biya alluran Auwal, sau biyar muna zuwa. Ni na biya ɗinkin rago, daga baya na sayar da shi a wulaƙance don ba mai son layya da gurgu. Bayan wata biyu ɗaya karen ya mutu, sai ga ɗan sanda da takarda wai ni na sa guba. Na yini a kan benci a ofishinsu, tukunyar waakye, shinkafa da waken da nake sayarwa, tana gida tana tsami. Ba su samu komai ba suka sallame ni, amma ba wanda ya ce Hajiya yi haƙuri. Da maigidana ya rasu ko gaisuwa ba su shigo ba. Katanga ɗaya ce tsakaninmu.

Maman Sadiya:
Innalillahi. Hajiya, Allah ya saka miki. Ba ku kai wa Sarkin Zango ba?

Hajiya Mai Waakye, Madina:
Mun kai wa dattawa, 'yata. An zauna sau biyu, duka biyun wai ya yi tafiya. A na uku ya aiko ƙanensa da buhun shinkafa. Na mayar.

Ɗan Alabar:
Da kin karɓi shinkafar, Hajiya. Ko ba komai an rage asara.

Hajiya Mai Waakye, Madina:
Jinin ɗana ne buhun shinkafa? Kai dai ba a ciji naka ba.

Awudu Boga, Bronx:
A nan New York ta Amurka magana ɗaya ce: kare in zai fita sai da igiya a wuya. Kuma karayar cinya dubban daloli ce, shi ya sa mutane ke yi wa dabbobinsu inshora. Ka ce ya kai ka kotu kawai.

Pragya Ba Birki:
Boga ya iso. Yaya Awudu, rabonka da Sawaba tun ana kashe tsohon kuɗi. In ka san dala haka, ga MoMo ɗin Baban Hafiz, asusun kuɗin wayarsa, a buɗe.

Baba Tanko, Asawase:
Ni lissafin ne bai shige ni ba. Miliyan 24 a kan kare? Nawa karen da ya karye miliyan uku na kashe, ya kuma warke.

Maman Sadiya:
Baba, an canja kuɗi tun 2007, ku tausaya mana. Miliyan ukunka sidi 300 ke nan. Wace shekara ce?

Baba Tanko, Asawase:
Ba na riƙe shekara. Lokacin dai ana tsakiyar dumsor, yawan ɗauke wutar nan.

Sister Rabi, Ashaiman:
Gidan da nake aiki a East Legon, karen madam ya faɗo daga bene, sama da sidi 6,000 aka kashe, ni na riƙe jakar. Wofa ma sauƙi aka yi masa.

Ɗan Alabar:
Ƙarya ake muku. Abokina ya kai nasa an naɗe da filasta, sidi 450. An ga tsoho da fansho ne aka yanke shi. Ko ma a kai wa mai ɗori, kaza ɗaya da sidi 50.

Nuhu, ma'aikacin asibitin dabbobi:
Ku yi haƙuri in sa baki, aikina ne. Dukkanku kuna iya zama da gaskiya, don karaya ba ɗaya ba ce. In ƙasan ƙafa ne kuma ƙashin bai goce ba, ana iya ɗaurewa da filasta, kuɗi kaɗan. Cinya kuwa ba ta ɗauruwa: nama ya yi kauri, kuma ba yadda za ka hana ƙugu motsi, sai an buɗe an sa ƙarfe. Allurar barci da magani da nauyin dabba ake aunawa, kare mai kilo 30 ba zai biya kuɗin mai kilo 10 ba. Baban Hafiz, ka sani rasit ɗin nan wataƙila ba shi ne na ƙarshe ba, akwai wankin ciwo da hoto na biyu, ƙashin kan ɗauki sati shida zuwa takwas. In za ku yi magana, ku yanke a kan jimla ɗaya tun yanzu.

Hajiya, kin kyauta da kika kammala alluran. Duk wanda kare ya ciza ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya tafi asibiti a ranar, a kuma sa ido a kan karen kwana goma. Ciwon haukan kare in alamu suka fito kusan ba a tashi.

Ɗan Alabar:
Wanzami ai ba zai kushe aska ba. Ku ne masu rubuta rasit ɗin.

Nuhu, ma'aikacin asibitin dabbobi:
Albashi nake ɗauka, Yaya, ko an kawo kare ko ba a kawo ba.

Malam Ƙarami, Aboabo:
Bismillah. Masu cewa kare ba shi da ƙima su yi a hankali. A mazhabar Malikiyya an yi saɓani kan sayar da karen da aka yarda a riƙe, amma wanda ya kashe shi sai ya biya ƙimarsa. Kuma ɓarnar dukiyar mutum, da gangan ko da kuskure, ana ramawa, kuskure zunubi kawai yake ɗaukewa. An ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan da katangarsa ta faɗi ya ajiye kare, da aka yi masa magana ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Maganar Hajiya kuma a fili take. Hukuncin da aka yi kan raƙumar Bara'u ɗan Azib shi ne, masu gona su tsare gonarsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da daddare yana kan masu su. Balle kare mai cizo.

Abu Sumayya:
Malam, hadisin ya ambaci farauta da kiwo da gona. Ina gadin aboboya a ciki? Kullum ladan mai kare raguwa yake yi.

Malam Ƙarami, Aboabo:
Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kansu. Sannan Wofa ba Musulmi ba ne, ladansa ba a hannunka yake ba. Tambayar ita ce haƙƙin maƙwabci.

Abu Sumayya:
A kawo dalili, ba labarin zaki ba.

Maman Sadiya:
Don Allah kada ku mayar mana da nan filin muƙabala. Wanda ya taɓa biya ko aka biya shi, shi ya yi magana.

Hajiya Mai Waakye, Madina:
To ni na taɓa, kuma ba a biya ni ba. Da Malam yana nan Madina ta Accra a 2019 da na kai shi ƙofar Alhaji ya karanta masa raƙumar nan.

Baban Hafiz, Sawaba:
Na gode muku duka. Abin da ban faɗa ba: daren da naƙudar Hafiz ta tashi, ba mota, Wofa ne ya fito da tsohuwar motarsa ya kai mu, ya zauna a waje har aka yi kiran salla. Shi ya sa "kada ka biya" ba ta zauna min ba. Amma in na miƙa 900 ina tsoron ya ga raini, in kuma na ce zan biya duka, ga abin da Nuhu ya faɗa. Wa ya taɓa zuwa da dattijo irin wannan zaman? In je da mai gidan hayarmu?

Sister Rabi, Ashaiman:
Mai gidan haya? Kul! Ka ba shi labari yau, gobe ya ce aboboyarka ce ke jawo masa rigima, ya ƙara maka kuɗi. Namu da akuyar wani ɗan haya ta ci kayan miyan maƙwabta, dukanmu ya raba wa tarar, har ni da ko kaza ba ni da ita.

Baba Tanko, Asawase:
Ai masu gidan yanzu ba dattawa ba ne. Doka ta ce kada kuɗin gaba ya wuce na wata shida, tun dokar haya ta 1963, amma ka je neman ɗaki ka ji: shekara biyu, ko ka ba wani wuri.

Ɗan Alabar:
Baba, bar ma wannan. Mu ɗaki goma sha ɗaya mita ɗaya. Ana raba kuɗin wuta da yawan ƙwai da fanka, amma ɗan mai gida yana da firiza biyu yana sayar da ƙanƙara, an rubuta masa ƙwai ɗaya.

Pragya Ba Birki:
Ku ɗauko Suro Nipa in ya warke ya yi muku gadin mita.

Maman Sadiya:
Wallahi namu ya fi. Wata ta sayi abin dafa ruwa na lantarki tana ɓoye shi a cikin bokitin wanki. Katin da ke kai mu sati biyu yanzu kwana biyar.

Baban Hafiz, Sawaba:
Jama'a, gobe ne Juma'a. Yau da na fito na ga karen a barandar Wofa, an aske cinyar, ɗinki a jere, an sa masa wata roba kamar mazurari a wuya. Ya ganni ya kaɗa jela. Wofa ya amsa gaisuwata, ya ce in shigo bayan masallaci mu sha shayi. In tafi da kuɗin a aljihu ko in fara jin bakinsa?

Ɗan Alabar:
Maman Sadiya, ta yaya kuka gano ta? Mu ma akwai ɗakin da muke zargi, da an yi Asuba sai mita ta fara gudu.