Yaya zan yafe bashin da har yanzu ba a biya ni ba?

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina neman shawararku, abin ya fi ƙarfina.

Ina sayar da dankalin Turawa da kabeji a kasuwar Farin Gada, nan Jos. Bara da damina wata 'yar'uwa da muke Zumuntar Mata tare ta zo gidana da kuka, wai an kwantar da ɗanta a asibiti. Na ɗauko kwasar adashena, naira 85,000, kuɗin da zan sari buhuna daga Bokkos, na damƙa mata. Ba rubutu, ba shaida. Yaron ya warke, mun gode wa Allah. Kuɗi kuwa shiru har yau.

Na bi Matiyu 18:15, ayar da ta ce in ɗan'uwanka ya yi maka laifi ka fara samunsa ku biyu, na same ta mu biyu kawai. Ta ce in ƙara haƙuri. Na koma da Mama shugabar zumunta, maganar ba ta canza ba. Ran Lahadi sai ga ta da sabon leshi, tana rera waƙa kusa da ni, ni kuwa maƙogwarona ya ɗaure. Wata uku ke nan ban ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ƙoƙon da muke karɓa don tunawa da mutuwar Almasihu, domin na san abin da ke zuciyata.

Ina so in ƙaunace ta da gaske. Amma yafewa tana nufin in bar kuɗin ne? Ko zan iya yafe mata, in kuma kai maganar gaban dattawan ikkilisiya? Maigidana ya ce in bar wa Allah, alhali kuɗin makarantar yaranmu biyu na jira. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, don Allah yaya ya yi?