Waɗanda suka taɓa aikin binciken tsirrai a kurmi, yaya yini ɗaya yake tafiya?

Yar_Ganye:
Salam jama'a. Dan Allah ina neman wanda ya taɓa shiga kurmi na gaske, irin mai ruwan sama kusan duk shekara, don binciken bishiyoyi. Ina digiri na biyu ne a fannin tsirrai, malamina ya saka ni cikin tawagar da za ta je sake awon wani fili da aka sa wa bishiyoyinsa lamba shekarun baya. Hanyoyin na karanta su a takarda amma ba wanda yake faɗa maka yadda ranar take kasancewa, ƙarfe nawa ake fita, me ake yi har yamma, me ya fi wahala. Kuma gaskiya maganar macizai ce ta fi tsaya min a rai.

Mai_Tef:
Wa alaikissalam ƙanwata. Maciji ki sa shi can ƙasan lissafi, yawanci da ya ji motsinku ya bar wajen, ki dai sa rambut kuma kar ki cusa hannu inda idonki bai gani ba. Masu hana sakat su ne kwarkwasa idan kika tsaya kan layinsu, da wasu ƙananan ƙudan zuma masu shan gumi da za su yi ta shige miki ido da kunne tun hantsi.

Fita da sassafe ake yi, wajen shida da rabi, don ruwa ya fi saukowa bayan azahar kuma cikin kurmi duhu yana riga waje shigowa, hasken da ke kaiwa ƙasa bai fi kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba, sauran duk ganyen sama sun tare. Za ku taka wani lokacin awa guda kafin ku isa filin, daga nan kuma aiki ɗaya ne ake maimaitawa har ƙafa ta gaji. An yanka filin murabba'i murabba'i, mita 20 kowane gefe, ku shiga ɗaya ku gama shi tas sannan ku matsa. Mutum ɗaya ya nemo bishiya ya karanto lambar da ke jikin ɗan farantin alminiyam ɗinta, na biyu ya zagaya tef a tsayin mita 1.3 daga ƙasa, na uku ya rubuta sannan ya maimaita adadin da ƙarfi don a tabbatar ya ji daidai. Tef ɗin na musamman ne, kin zagaya gangar jikin amma kaurin yake ba ki kai tsaye, an riga an raba da 3.14 a jikinsa.

Inda ake shan wuya shi ne manyan nan masu saiwoyi kamar bango, kin san gindin rimi ai, to irinsa amma wani ya fi tsayin mutum biyu. Ba a awo kan wannan faɗin, sai an kafa tsani an hau sama da inda ya ƙare, kuma dole a nemo layin fentin da na baya suka shafa a auna daidai wajen. Idan kika kauce da ɗan taƙi kawai sai lissafi ya nuna bishiya ta rame ko ta yi girman da ba ta yi ba, alhali wasu duk shekara milimita ɗaya ko biyu suke ƙarawa. Sannan a goge gansakuka, a ɗaga kurangar da ta nannaɗe jikin a zura tef ta ƙarƙashinta, ba a yankewa.

Baba_Kurmi:
Abin da Mai_Tef ya faɗa haka yake, zan ƙara da girman abin don ki san me za ki tarar. Irin wannan babban fili an fara shi ne a tsibirin Barro Colorado na ƙasar Panama a 1980, hekta 50, wato mita 1,000 a tsaye 500 a kwance, duk itacen da kaurinsa ya kai santimita 1 sai an sa masa lamba, kuma ana komawa duk bayan shekara biyar. A Korup ta Kamaru an yi irinsa a 1996, bishiyoyi sama da 300,000, iri kusan 500, ga ruwan sama da ke wuce milimita 5,000 a shekara. Idan naku hekta ɗaya ne da ake farawa daga santimita 10 ki gode Allah, 'yan ɗaruruwa ne.

Ni abin da na fi so a aikin shi ne gano suna. Ganyen yana can sama mita talatin ko fiye, ba fure ba 'ya'ya, to me za ki kama? Sai ɓawo. A wajen fili ana ɗan sara da adda a duba launin ciki, a shinshina, a jira a ga ko zai fid da farin ruwa kamar madara ko ja, wani warin tafarnuwa yake yi wani kuma launinsa ke sauyawa cikin minti guda da iska ta taɓa shi. Ki manne wa mutanen yankin da ke cikin tawagar, 'yata, da yawansu ba su yi boko mai zurfi ba amma daga ganin busasshen ganye a ƙasa za su ɗaga kai su nuna miki uwarsa. Kuma idan suka ce kar ki jingina da wata siririyar bishiya ki ji, akwai Barteria, rassanta rami ne da tururuwa masu harbi ke zaune ciki, harbin na kwana yana zugi.

Yar_Ganye:
Na gode sosai Baba. To wanda aka kasa ganewa fa? Kuma ba zan iya rubuta komai a waya ba in huta da takarda?

Hajiyar_Habariyam:
Waya? Hmm. Danshi zai shiga, batir ya mutu, allon ya ƙi jin yatsanki saboda jiƙa. Ko da akwai na'ura a tawagar ki riƙe littafin da ruwa baya ci da fensir, ban da biro, tawada zubewa take. Jifiyes (GPS, na'urar nuna wurin da kike) ma ƙarƙashin ganye yaudara gare shi, yakan kauce da mitoci, kamfas da tef sun fi shi amana cikin fili.

Wanda ba a gane ba sai a ciro reshe, da doguwar sanda mai almakashi a baki ko mai hawa ya hau, a ɗaura masa lamba nan take a jefa a leda. Su maza ba su gaya miki ba, dawowa sansani ba hutu ba ne, aiki na biyu ke farawa. Kowane samfur sai an shimfiɗa shi cikin jarida, a juya ganye ɗaya bayansa ya kalli sama, a rubuta lambar jikin jaridar, a jera da kwali a ɗaure tam a ɗora kan wuta mai sanyi. Idan ba halin busarwa sai a ɗaure jaridun a leda mai kauri a zuba sifirit mai ƙarfin kashi 70, in ba haka ba kwana biyu fumfuna ta cinye. Amma sifirit na ɓata launi kuma yana lalata DNA, wato ƙwayoyin gadon halitta, shi ya sa ake yago ɗan ganye daban a sa cikin silika, wasu ƙwayoyi masu tsotse danshi. Launin fure, ƙamshi, tsayin bishiya, duk abin da zai ɓace in ya bushe ki rubuta shi a daren, kar ki ce gobe.

Mai_Tef:
Hajiya har da tsokana, ai mu ma muna danne jarida har goma na dare. Sai dai ni ban cika son sifirit ba, samfur yana fitowa baƙi ƙirin mai karyewa, in akwai risho gara a sha wahalar busarwa. Yar_Ganye ki tambayi malaminki tun yanzu wanne za ku yi don shi zai nuna yawan jaridar da za ku ɗauka. Kuma ki ware kaya kala ɗaya busassu a leda na kwana kawai, na aiki kuwa da safe haka za ki mayar da su a jiƙe, ba sa bushewa.

Yar_Ganye:
A jiƙe?? Tabɗi. Bari in je neman rambut da fensir tukunna. Hajiya zan biyo ki ta inbok kan maganar silika ɗin nan, ban san yawan da ake sawa ba.