Neman shawara: zagayen fadojin Bavariya da Mama mai ciwon gwiwa

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifiyarmu za ta zo mana Munik, a jihar Bavariya ta ƙasar Jamus, a watan Satumba, muna son mu kai ta ganin fadar Neuschwanstein da ƙauyukan da ke kewaye. Kwana ɗaya kacal gare mu, ga ta da ciwon gwiwa. Mu bi motar 'yan jagora ne ko mu hau jirgin ƙasa da kanmu?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya kawo Mama lafiya. Ku bi motar 'yan jagora. Galibinsu kan tashi da safe su fara da fadar Linderhof, su ɗan tsaya a Oberammergau, ƙauyen nan mai gidaje da zane a bango da masu sassaƙar katako, sannan Neuschwanstein. Tafiyar kan ci awa goma. Amma kafin ki biya, ki tambaya ko kuɗin shiga fadojin na ciki, don sau da yawa daban ake karɓarsa.

Abin da ya fi damuna gwiwar ce. Daga ƙauyen Hohenschwangau zuwa ƙofar fadar hawan tudu ne na minti 30 zuwa 40. Keken doki yana rage hanya, sai dai ba ya kaiwa bakin ƙofa. A ciki kuma matakala sun haura 300, hawa da sauka, ɗan jagora kuwa cikin kusan rabin awa yake gamawa, ba ya jiran kowa. Akwai lif na masu lalurar tafiya, amma sai an nema tun kafin ranar.

Amsa ta biyu: 'Yar uwa, ni jirgin ƙasa zan ce, don Mama ta tafi a hankali ba mai azalzalarta. Munik zuwa Füssen, garin da ke kusa da fadar, awa biyu ne, daga nan bas mai lamba 73 ko 78 ya kai ku Hohenschwangau cikin minti goma. Tikitin Bayern-Ticket, na hawa jirgin ƙasa da bas na kwana ɗaya a Bavariya, yana ɗaukar har mutum biyar, sai dai a ranakun aiki ba ya aiki kafin ƙarfe 9 na safe. Nan mutane ke yin asara: su sayi tikitin fada na ƙarfe 11, alhali a lokacin suna cikin jirgi. Lambar zagayenku da ke kan tikitin fada na fitowa a allo a bakin ƙofa, in ta wuce shi ke nan, ba a sake buɗe muku. Ki sayi na ƙarfe 2 zuwa sama ta intanet, makonni kafin ranar.

Amsa ta uku: Anti, ba dole ne Mama ta shiga ciki ba. Sarki Ludwig na Biyu, wanda ya sa aka gina fadar, ya rasu a 1886 ginin bai kammala ba, ɗakunan da ake nunawa ba su da yawa, kuma an hana ɗaukar hoto. Bas na hawa kusa da gadar Marienbrücke, inda fadar ta fi kyan gani. Daga nan ku sauko bakin tafkin Alpsee, akwai bencina, ruwan garau, ana hango duwatsu a cikinsa.

Cocin Wies da aka kammala a 1754 yana kusa da Steingaden, shiga kyauta ne, amma ba a zagayawa lokacin ibada, bas ɗin can kuma jefi-jefi yake zuwa. Wajen abinci ku nemi kifi ko Käsespätzle, taliya ce da cuku da soyayyar albasa, ku ce kada a sa Speck, naman alade ne. Ku riƙo wa Mama rigar sanyi, iskar gadar nan tana ratsa jiki ko da rana ta fito.